Sunan jami'a ba ya cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki

Da zarar an buɗe cike fom ɗin JAMB, iyaye da yawa a Gusau da Tsafe kan matsa wa 'ya'yansu su zaɓi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da ke Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bunguɗu, a 2013 aka kafa ta, shi ya sa ake mata kallon ta baya ga dangi.

Iyayen suna da hujja. Tsofaffin ɗaliban Zariya sun cika ma'aikatu da bankuna, kuma a Najeriya sanayya tana buɗe ƙofa.

Amma sanarwar ɗaukar aiki da ta digiri na biyu yawanci matakin sakamako suke tambaya, da takardar bautar ƙasa, da amincewar hukumar NUC. Yaron da ya zauna gida yana jiran gurbi a Zariya ya yi asarar shekarun da wasu ma'aikatu ke ƙayyadewa.

Abin da ya fi cutar da jami'ar Gusau shi ne rashin tsaro. A Satumban 2023 'yan bindiga suka sace ɗalibanta a Sabon Gida, yawancinsu mata.