Kirari Ba Garkuwa Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, tun ranar 5 ga Mayu, 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa annobar korona ta fita daga matakin gaggawa, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya koma harkarsa kamar ba a yi ba. Ni kuwa ina so in tono maganar, domin akwai bashin da aka binne tare da ita. Bashin nan na ma'aikatan asibiti ne, waɗanda aka tura bakin daga hannu rabbana, sa'an nan aka bi su da kirari ana ce musu jarumai. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, yawancin hatsarin da suka shiga ba annoba ce ta ƙirƙire shi ba. Mutane ne suka gina shi da sakaci shekara da shekaru, annoba ta zo ta tarar.

Bari in fara daga gida. Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 ina sakandare, na komo ƙauyenmu a ƙasar Kurfi. Yayata ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara. Da idona na ga takunkuminta guda ɗaya tal, irin wanda aka yi domin a sa sau ɗaya a yar, tana wanke shi da dare ta shanya a igiya tare da kayan goyonta. Safar hannu da kuɗinta take saye. Ruwan da za su wanke hannu a wurin aiki sai sun yi karo-karo sun ba mai garuwa. In ta dawo ba ta taɓa ɗanta sai ta yi wanka a bayan ɗaki, yaron yana tsala kuka, tsohuwarmu tana rarrashi tana cewa, "Yi haƙuri, uwarka ce ke tsoron ta kawo maka tsaraba." Da magariba kuma mu kunna rediyo mu ji manya suna jinjina wa jaruman lafiya. Tun daga lokacin kalmar nan ta fita raina.

Domin mu gane girman laifin, sai mu san yadda cutar take tafiya. Ƙwayar korona a cikin numfashi take. Tana fita da tari da atishawa, har da magana, wani sashenta ya faɗi kusa, wani kuma ya yi ta shawagi a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Takan yi kwana 2 zuwa 14 a jikin mutum kafin ta bayyana, kuma mutum yana iya yaɗa ta tun bai san yana ɗauke da ita ba. Alamunta na farko, watau zazzaɓi da ciwon kai da kasala, su ne alamun zazzaɓin cizon sauro da kowane malamin asibiti yake gani sau ashirin kafin azahar. Saboda haka wanda yake aiki a cibiyar killace marasa lafiya, sanye da riga mai rufe jiki duka, ya san abin da yake fuskanta. Wanda bai sani ba shi ne na ɗakin ganin marasa lafiya na kullum, da ungozomar da ke sunkuye a kan mai naƙuda tsakar dare, da mai yankan kati, da mai shara, da leburan da ke tura gado. Waɗannan su ne ainihin bakin daga, kuma su ne na ƙarshe a layin rabon kayan kariya.

Ga abin da ya faru a zahiri. An sami mutum na farko mai cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Ikko. A lokacin ɗakunan gwajin cutar 'yan kaɗan ne a ƙasar nan duka, kuma in ka cire na Abuja babu ko ɗaya a Arewa. Mutum na farko da aka tabbatar ya kamu a Jihar Katsina likita ne, Dakta Aliyu Yakubu na Daura. Ya rasu ranar 4 ga Afrilu, amma sai ranar 7 ga wata Gwamna Aminu Bello Masari ya iya sanar da abin da ya kashe shi. Watau duk waɗanda suka yi jinyarsa sun yi ta ne cikin duhu. Kafin watan ya ƙare an kulle Daura, an kulle Dutsin-Ma da ke maƙwabtaka da mu. A Kano kuwa, a farkon watan Mayu, reshen Ƙungiyar Likitoci ta Nijeriya ya sanar cewa likitoci 34 sun kamu, da yawansu a wurin duba marasa lafiya na yau da kullum. Ranar 30 ga Afrilu Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce ma'aikatan lafiya 113 ne suka kamu a ƙasa baki ɗaya. Ranar 2 ga Yuni shugaban hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, Dakta Chikwe Ihekweazu, ya ce sun kai 812. Cikin kwana 33 adadin ya ninka fiye da sau bakwai. Wannan kuma lissafin waɗanda aka gwada ne kurum. Wa ya zo Kurfi ya gwada mai shara?

Na san amsoshin da ake bayarwa, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amsa ta farko ita ce, abin ya shafi duniya duka, har Turawa sun rasa likitoci. Gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairu 2020 da Mayu 2021 ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 ne cutar ta kashe. Ta kuma ce ko da yake a yawancin ƙasashe ba su kai kashi 3 cikin 100 na jama'a ba, su ne kusan kashi 14 cikin 100 na masu cutar da aka kai mata rahotonsu. Gaskiya ne kuma takunkumi ya yi tsada a kasuwar duniya, har farashinsa ya ninka sau shida. To amma ina ruwan kasuwar duniya da rijiyar burtsatsen da ta lalace a asibitin ƙauye tun kafin a ji sunan Wuhan? Ƙasar Sin ce ta hana mu sabulu? Ingila ce ta gina mana ɗakin jira mai taga ɗaya? Ƙarancin da ya sami masu arziki na 'yan watanni ne. Namu gado ne.

Amsa ta biyu ita ce, abin ya zo ba zato. Wannan ma ba ta karɓuwa, domin babu ƙasar da aka yi wa gargaɗi kamar tamu. Zazzaɓin Lassa da kansa an gano shi ne a 1969 bayan ya kashe ma'aikatan jinya biyu na mishan, a shekara ta gaba kuma ya kashe likitar da ke binciken sa a Jos, Dakta Jeanette Troup. A 2014 cutar Ebola ta shigo Ikko, ta kama mutum 20, ta kashe 8, cikinsu har da Dakta Ameyo Adadevoh wadda ta hana mai cutar fita daga asibiti ya shiga jama'a. A watan Janairu na 2020, makonni kaɗan kafin korona ta iso, Lassa ta kashe likitoci biyu a Kano. Shekara hamsin ke nan ana maimaita mana darasi ɗaya: duk annobar da ta shigo, ma'aikacin asibiti take fara gaisarwa. Wanda aka yi wa wannan gargaɗi ya tsaya fafe gora ranar tafiya, kada ya ɗora wa tafiyar laifi.

Amsa ta uku ita ce, babu kuɗi. A watan Afrilu na 2001, a Abuja ɗin nan tamu, shugabannin Afirka suka ɗauki alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Mu ne masu masaukin baƙi, amma da korona ta zo bayan shekara 19, abin da Gwamnatin Tarayya ta ware bai kai ko rabin haka ba. Kuɗin hatsarin da ake biyan likita da nas a lokacin Naira 5,000 ne a wata, watau bai cika Naira 170 a rana ba. Wannan shi ne farashin da hukuma ta sa wa ran mutumin da ke shaƙar numfashin mai tarin fuka da mai sanƙarau. Sai da annoba ta kama wuya aka yi alkawarin ƙarin rabin albashi na 'yan watanni ga ma'aikatan asibitocin Tarayya, kuma duk da haka sai da likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki ranar 15 ga Yuni, 2020, a kan kayan kariya da kuɗin nan. Ba a sake tsarin kuɗin hatsarin ba sai a ƙarshen 2021. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne furucin Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, Boss Mustapha, wanda ya amsa a watan Afrilu na 2020 cewa bai san asibitocin ƙasar nan sun lalace haka ba sai da aka ba shi shugabancin kwamitin yaƙi da cutar. Na yaba masa da faɗin gaskiya. Amma yaya za a yi su sani, alhali in kansu ya yi ciwo jirgi suke hawa? Sai da aka rufe filayen jirgin sama kowa ya rasa mafita, sa'an nan manyanmu suka leƙa inda talaka yake kwanciya.

Amsa ta huɗu ita ce ta fi zaƙi a baki: ƙaddara ce, kuma ai sun yi rantsuwar aiki. Mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara mai kyau da marar kyau. Amma mun san Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke can sai ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu ganin ya guji ƙaddara cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Shugaba ke nan da ya ɗauki rayukan mabiyansa amana. Wanda ya karkatar da kuɗin safar hannu sa'an nan ya zo ta'aziyya yana cewa kwana ne ya ƙare, wannan ba tawakkali yake yi ba, ɓuya yake yi a bayan addini. Rantsuwar aiki kuwa alkawari ne mai ɓangare biyu. Ma'aikaci ya yi alkawarin ba zai guji marar lafiya ba, wanda ya ɗauke shi aiki kuma wajibi ne ya ba shi garkuwa. Ɗaya ya cika, ɗaya ya saɓa, sa'an nan wanda ya saɓa shi ne ke yi wa wanda ya cika wa'azin sadaukarwa.

Kada kuma mu wanke kanmu. Mu ma jama'a mun taimaka. Mu ne muka ce cutar ta masu kuɗi ce, ko kuma ƙarya ce ta neman tallafi. Mu ne muka riƙa ɓoye wa malamin asibiti inda muka je da wanda muka yi jinya, don tsoron a killace mu, muka bar shi ya sunkuyo kanmu ba da sani ba. Da allurar rigakafi ta iso a watan Maris na 2021, mu 'yan boko muka fi kowa yaɗa jita-jita a waya. Wanda ya yi wa likita ƙarya ranar annoba, ya sani da hannunsa a cikin abin da ya same shi.

To, ina mafita? Ba wani abin al'ajabi ake nema ba. Na farko, kowane asibiti, komai ƙanƙantarsa, ya sami ruwa da sabulu kullum. Abin kunya ne a ce har yau ana roƙon wannan. Na biyu, a ajiye takunkumi da safar hannu na aƙalla 'yan watanni a kowace ƙaramar hukuma tun ana zaune lafiya, a kuma liƙa lissafinsu inda kowa zai gani. Na uku, a ware masu tari da zazzaɓi tun daga bakin ƙofa, a zaunar da su a rumfa mai iska. Wannan ba ya bukatar ko kwabo daga ƙasar waje. Na huɗu, horo da kayan kariya da kuɗin hatsari su kai ga mai shara da mai gadi da ma'aikacin wucin gadi, domin ƙwayar cuta ba ta duba matakin albashi. Na biyar, duk ma'aikacin da ya kamu a bakin aiki a rubuta shi, a yi jinyarsa kyauta, in ya rasu a biya iyalinsa ba tare da sun yi shekara suna zarya a ofis ba.

Dalilin da ya sa na kawo maganar nan gabanku shi ne, ba Minista ne yake riƙe da makullin sito ba. Gobe wasunmu ne za su zama akawu da ma'aji da jami'in sayen kaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, wasu ma sun riga sun zama. Takardar neman safar hannu daga wani ƙauye a kan teburinka za ta sauka. Kana iya tura ta gaba a ranar, kana iya danne ta sai an ga abin da ya sawwaƙa, kana kuma iya sa hannu cewa kaya sun iso alhali kwali ne babu kome ciki. A nan ne ake yanke wa wata ungozoma hukunci, ba a ɗakin haihuwa ba. Waɗanda suka bar asibitocinmu haka su ma sun taɓa zama ɗalibai, sun yi zanga-zanga, sun rubuta irin wannan maƙala.

Annoba za ta dawo. Kakanninmu sun ga marisuwa a 1918, mu mun ga korona, bayanta kuma mashaƙo ya ɓarke a Kano da Katsina a 2023. Yayata tana nan tana aiki a inda take, ɗan da ta ƙi taɓawa ya shiga firamare. Ranar da wata cutar za ta sake ƙwanƙwasa ƙofa, ba na so in ji an kira ta jaruma a rediyo. Ina so in ga famfo yana zuba a asibitinsu, kwalin takunkumi kuma yana kan tebur. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, ya kuma ba mu ikon riƙe amana in ta zo hannunmu, amin.