WUƘAR WA CE? TSAKANIN MAƘERI, KAMFANI DA 'YAR TSAKIYA

Abin da ya jawo wannan rubutu gardama ce da muka yi ranar Babbar Sallah da wani abokina da ya dawo daga Amurka. Ana cikin fiɗa sai ya zaro wata wuƙa daga kube, ya ce aikin hannu ce, ya faɗi kuɗinta, muka riƙe baki. Na tambaye shi hannun wa? Ya nuna mini sunan da aka zana a jikin ruwanta. Na ce suna na gani, hannu nake tambaya. Nan fa magana ta tsaya.

Mai karatu, a can Amurka masu sha'awar wuƙaƙe sun kasa su gida uku. Kashi na farko ita ce ta kamfani, wadda inji ke yankowa dubu-dubu, kowace kamar tagwayen 'yar'uwarta. Misalinta Victorinox da Karl Elsener ya kafa a Siwizalan a 1884, ko Opinel ta Faransa da ta fara a 1890, ko Buck 110 da ta shiga kasuwa a 1964. Ba ka da ta cewa a tsawonta ko mariƙinta, abin da ka tarar a kanti shi za ka ɗauka.

Kashi na biyu ita ce ta oda, wadda maƙeri guda ke ɗauke da nauyinta daga farko har ƙarshe. Shi zai fitar da siffar ƙarfen, ya goge, ya gasa shi ya yi ƙwari, ya sa mariƙi, ya wasa. Kai kuma ka gaya masa aikin da za ka yi da ita da girman tafin hannunka. Fitacce a wannan fage shi ne Bob Loveless, wanda ya rasu a 2010, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka a 1970.

Kashi na uku, wadda nake kira 'yar tsakiya, ita ce mai rikita mutane, domin ta ɗebo nan ta ɗebo can. Dubi gidan Randall da Bo Randall ya kafa a Orlando a 1938. Siffofinsu sanannu ne, kowace da lambarta, sai dai kai za ka zaɓi tsawon ruwa da irin mariƙi, ƙaho ko fata ko katako. Da hannu ake yin ta, amma hannuwa da yawa ne, kowa da ɓangaren da ya ƙware a kai. Ko kuwa ka dubi Chris Reeve, wanda ya taso daga Afirka ta Kudu ya zauna a Idaho a 1989. Wuƙarsa mai naɗewa, Sebenza, wato "aiki" da harshen Zulu, inji mai kwamfuta ke yanka sassanta, sannan ma'aikata su haɗa, su daidaita, su wasa da hannu.

To, ga ra'ayina. Bambancin nan uku ba na kyau ko kaifi ba ne. Wuƙar kamfani mai araha tana iya fin ta wani maƙeri ragon aiki nesa ba kusa ba, domin inji ba ya gajiya, ba ya fushi da matarsa ya huce a kan ƙarfe. Ainihin bambancin amsar tambaya uku ce: wa ya zana siffar, hannun wa ya taɓa ƙarfen, kuma ina ra'ayin mai saye ya shiga? A ta kamfani ba ka san kowa ba, ba a kuma tambaye ka ba. A ta oda mutum ɗaya ka sani, da shi kuka yi shawara, idan ta ɓaci ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. A 'yar tsakiya an riga an yanke siffa, an bar maka zaɓi kaɗan, sunan da ke jiki kuwa na gida ne, ba lallai na wanda ya yi gumin ba.

Wani zai ce ai 'yar tsakiya yaudara ce kawai, kuɗin oda a kan aikin kamfani. Ban yarda ba. Mu ma nan, wa ya taɓa ganin wuƙar da mutum ɗaya ya gama? Maƙeri ya samo tsohon sifirin mota ya ƙera, yaro na kan zuga-zugi, baduku ya ɗinka kube, amma mu ce wuƙar wane ce, ba mu kuma yi ƙarya ba. Shi kansa Loveless ya shafe shekaru da yawa suna aiki tare da Jim Merritt a maƙera ɗaya. Rabon aiki ba laifi ba ne. Laifin shi ne ɓoye shi, a bar mai saye yana zaton gwani ne ya kwana a kan wuƙarsa alhali ko ganinta bai yi ba. Wannan cinikin biri a sama ne.

Saboda haka idan aikin yau da kullum kake so, sayi ta kamfani ka huta. Idan kana son wadda ta fi ta kanti kulawa, ba ka kuma da kuɗin gwani, 'yar tsakiya ta ishe ka, amma ka sani ko ita akan jira, don odar Randall kan ɗauki shekaru. Idan kuwa hannun mutum takamaimai kake biya, to ka tambaya a gaya maka dalla-dalla abin da ya yi da kansa.

Shi abokin nawa daga baya ya bincika, ya gano tasa 'yar tsakiya ce. Ya ɗan ji ba daɗi, amma da ita muka ƙarasa fiɗar rago biyu ba a wasa ta ba. Allah Ya sa mu dace, amin.