SHARHI: A fasa kowa ya rasa — zauren wasan zamiya da makomar garin Kairo na Amurka

A ƙarshen kudancin jihar Illinois ta Amurka, daidai inda kogin Ohio ya haɗu da na Mississippi, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Kairo. Da Turanci rubutun sunansa ɗaya ne da na birnin Alƙahira, ana kuma yi wa yankin laƙabi da Ƙaramar Masar. A ƙidayar 1920 garin na da mutum 15,203. A ƙidayar 2020 saura 1,733. Gundumar Alexander, wadda Kairo ne hedikwatarta, ta yi asarar sama da kashi 36 cikin ɗari na jama'arta tsakanin 2010 da 2020, raguwar da babu wata gunduma a duk faɗin Amurka da ta kai ta a wannan tsakani.

Duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da garin, tattaunawar kan tsaya ne a kan jari, tashar jiragen ruwa da ayyukan yi. Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ya faro daga ƙofar wani gidan wasa, inda matasa ke sa takalmi mai taya suna zamiya a kan daɓen katako. Abin da ya faru a bakin wannan ƙofa a 1962 ya nuna zaɓin da masu iko da garin suka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, wato gara a rufe abu gaba ɗaya da a raba shi da baƙar fata. Har yau garin na biyan kuɗin wannan zaɓi.

Yadda wasan yara ya zama fagen siyasa

Takalmin zamiya mai taya huɗu, biyu gaba biyu baya, wani Ba'amurke mai suna James Plimpton ne ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1863. Shi ne ya ba mai wasa damar karkata ya yi kwana cikin sauƙi. A 1866 Plimpton ya mayar da ɗakin cin abinci na wani otal a Newport, jihar Rhode Island, zauren zamiya. Daga nan abin ya bazu, har ya zamana a tsakiyar ƙarni na ashirin ƙananan garuruwa da dama suna da nasu zauren. Wuri ne mai araha, akwai kiɗa, iyaye kuma na sakin jiki su bar 'ya'yansu su je. A garin da ba shi da wuraren shaƙatawa da yawa, nan ne dandalin samari da 'yan mata.

Wannan ne ya sa zauren ya zama abin tsaro a wurin masu aƙidar wariyar launin fata. A kanti, mutum ya sayi kayansa ya fita. A zauren zamiya kuwa jiki na gugar jiki, saurayi na riƙe hannun budurwa, wanda ya faɗi wani ya ɗaga shi. Masaniyar tarihi Victoria Wolcott, a littafin da ta wallafa a 2012 kan gwagwarmayar wuraren shaƙatawa a Amurka, ta nuna cewa masu irin waɗannan wurare sun riƙa tallata su a matsayin wurare masu tsafta da aminci, ma'anar hakan a kunnen abokan cinikinsu kuma ita ce babu baƙar fata. Don haka tafkunan ninƙaya, zaurukan rawa da na zamiya suna cikin wuraren da aka fi yin turjiya wajen buɗe su ga kowa.

Abin lura shi ne Illinois ba ta cikin jihohin Kudu da suka rubuta wariya a dokokinsu. Tun 1885 jihar ke da dokar da ta haramta nuna bambancin launi a wuraren hulɗar jama'a. Amma a Kairo, inda baƙar fata suka haura kashi ɗaya cikin uku na mazauna, dokar ta shafe kusan shekara tamanin a kwance. Gari ne da a watan Nuwamban 1909 dubban mutane suka taru suka kashe wani baƙar fata, William James, a tsakiyar titin kasuwa ba tare da shari'a ba. Wanda ya tashi da wannan labari a kunnensa ba ya buƙatar allon gargaɗi kafin ya san inda ba a son ganinsa.

Bazarar 1962

A tsakiyar 1962 ɗaliban sakandare na garin, tare da taimakon ƙungiyar ɗalibai masu gwagwarmaya cikin lumana da aka fi sani da SNCC, suka kafa kwamitinsu na neman 'yanci. Jagoransu wani matashi ne da bai kai shekara ashirin ba, Charles Koen. Dabararsu mai sauƙi ce: su je gidan abinci, ko tafkin ninƙaya, ko zauren zamiya, su nemi shiga da kuɗinsu kamar kowa, in an hana su sai su tsaya a bakin ƙofa. Abin da suke nema bai wuce a yi aiki da dokar da ke rubuce tun zamanin kakanninsu ba.

Martanin da suka samu ya yi tsanani. An yanki wata jami'ar SNCC, Mary McCollum, da wuƙa a cinya a bakin wani gidan abinci. An kama masu zanga-zanga da dama. A gaban tafkin ninƙaya ne wani ɗalibin Jami'ar Chicago, Danny Lyon, ya ɗauki hoton John Lewis, yana da shekara 22, ya durƙusa yana addu'a tare da wasu matasa. Hoton ya zama ɗaya daga cikin fitattun fastocin SNCC, shi kuma Lewis ya zama shugaban ƙungiyar a 1963, daga baya ya shafe sama da shekara talatin a majalisar wakilai har rasuwarsa a 2020.

A watan Agusta rikicin ya koma zauren zamiya na Roller Bowl. Can ne gungun fararen fata suka far wa matasan da kulake da sarƙoƙi, suka jikkata da dama daga cikinsu. Idan aka tsaya aka auna, abin da ake wa wannan duka shi ne 'yan kwabban kuɗin shiga da takalmin haya na awa biyu. Sai dai ɓangarorin biyu duk sun fahimci abin da ke ƙarƙashin tabarma. Ranar da yaro baƙar fata ya zagaya wannan daɓe kafaɗa da kafaɗa da ɗan mai kanti, gobe zai tambayi dalilin da ya sa ba a ɗaukar mahaifinsa aiki a kantin.

Shekara guda bayan haka, a Agustan 1963, wani ɗan wasan zamiya, Ledger Smith, ya taso daga Chicago a kan takalmin taya, ya yi tafiyar mil 685, kimanin kilomita 1,100, cikin kwana goma, domin halartar gangamin Washington inda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. Saƙon a fili yake ga duk wanda ya san yadda ake korar irinsa daga zaurukan wasan.

Doka ta buɗe ƙofa, dabara ta rufe

Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta haramta wariya a wuraren hulɗa a duk ƙasar. Nan take masu wuraren shaƙatawa suka shiga neman mafita, kuma hanyoyi uku suka fi bi.

Ta farko ita ce rikiɗa wuri ya koma kulob na 'yan ƙungiya kawai. Kotun Ƙoli ta toshe wannan a 1969, a shari'ar Daniel da Paul, kan wani wurin shaƙatawa kusa da Little Rock da ke karɓar santi 25 a matsayin kuɗin zama mamba daga duk farar fatar da ya zo, yana kuma hana baƙaƙe.

Ta biyu ita ce raba darare. Sai a ware dare ɗaya a mako a sa masa suna mai laushi, daren manya ko daren kiɗan baƙar fata, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Fim ɗin bincike na United Skates, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa wannan al'ada ta rayu har zamaninmu, tare da ƙa'idojin sutura da na girman taya da kan faɗa kan baƙar fata kaɗai. Wani abin mamaki shi ne a cikin waɗannan darare ne baƙar fata suka gina salon wasansu, kowane birni da irin rawarsa, zaurukan kuma suka zama dandalin farko ga mawaƙan gambarar zamani irin su N.W.A. a Compton.

Ta uku ita ce a fasa kowa ya rasa. Birnin Jackson na jihar Mississippi ya rufe tafkunan ninƙayarsa maimakon ya haɗa jama'a, kuma a 1971 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta ce hakan bai saɓa wa tsarin mulki ba tunda kowa aka hana. Kairo ma wannan hanya ta bi da tafkinta: ba a jima da zanga-zangar 1962 ba aka rufe shi. Yaran fararen fata marasa galihu, waɗanda iyayensu ba su da kuɗin kulob, su ma suka rasa wurin wanka. Marubuciya Heather McGhee ta gina littafinta na 2021 a kan wannan misali na tafkin da aka tsiyaye, tana nuna yadda wariya kan talauta har wanda aka ce don shi ake yi.

Daga ƙofar zaure zuwa titin kasuwa

Abin da aka ƙi warwarewa a 1962 ya dawo da ƙarfinsa. A watan Yulin 1967 aka tsinci gawar wani soja baƙar fata ɗan shekara 19, Robert Hunt, a rataye a ofishin 'yan sandan garin. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, baƙar fata suka ce ba su yarda ba. Tarzoma ta ɓarke har sai da aka turo dakarun jiha. Fararen fata suka kafa ƙungiyar sintiri mai ɗauke da makamai da aka fi sani da masu fararen huluna. A 1969 Charles Koen, wanda a lokacin ya zama limamin coci, ya jagoranci gamayyar United Front wajen ƙaurace wa shagunan da ba sa ɗaukar baƙar fata aiki. Ƙauracewar ta ɗauki shekaru. 'Yan kasuwa da dama suka gwammace su kulle shago su bar garin da su amince da buƙatar.

Adalci ne a faɗi cewa ba wariya kaɗai ta durƙusar da Kairo ba. Arzikin garin ya dogara ne da jiragen ruwa da fiton kaya da mutane. Gadojin jirgin ƙasa na 1889 da 1905, sannan na mota, sun kashe sana'ar fito. Babbar hanyar da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970 ta wuce ta bayan gari. Barazanar ambaliya ma ba ta taɓa gushewa ba, domin a 2011 sai da aka kwashe mazauna, sojoji suka fasa wata katangar ruwa a ɓangaren Missouri kafin garin ya tsira. Garuruwan bakin kogi da yawa sun sha irin wannan. Bambancin Kairo shi ne a daidai lokacin da take buƙatar kowane hannu da kowane kwabo, sai manyanta suka kashe shekara goma suna yaƙi da sulusin jama'arsu. Mai jari ba ya kai kuɗinsa inda ake harbe-harbe da dare, matashin da aka daka a bakin zauren wasa kuma ba shi da dalilin zama idan ya samu hanyar Chicago.

Inda aka kwana

A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙwace ragamar hukumar gidajen gundumar saboda almubazzaranci da sakaci. A 2017 ta sanar da rufe rukunin gidaje biyu, Elmwood da McBride, abin da ya shafi kusan mutum 400, yawancinsu baƙar fata, da yawansu yara. An gina gidajen ne a farkon shekarun 1940 bisa tsarin wariya, ɗaya na farare ɗaya na baƙaƙe. Tunda garin ba shi da isassun gidajen da za su koma, iyalai da dama suka yi ƙaura. A 2020 Gwamna J.B. Pritzker ya sanar da ware dala miliyan 40 domin gina tashar jiragen ruwa. A watan Yunin 2023 mazauna suka buɗe kantin kayan abinci na haɗin gwiwa bayan sun shafe kimanin shekara bakwai babu ko ɗaya, amma binciken ProPublica da Capitol News Illinois a 2024 ya nuna ciniki bai kai yadda aka yi hasashe ba.

Wannan na ƙarshe ya fito da ainihin matsalar. Ana iya zuba kuɗi a gina tasha, ana iya buɗe kanti, amma mutanen da za su cika su sun riga sun watse. Gari na rayuwa ne da ƙananan wuraren da jama'a ke haɗuwa ba don dole ba, inda yaro ke sabawa da ɗan wata unguwa tun kafin a koya masa tsoronsa. Irin waɗannan wurare ba sa fitowa a kasafin kuɗi da manyan baƙaƙe, rufe su kuma ba ya jawo kanun labarai, shi ya sa suke da sauƙin sadaukarwa idan rikici ya taso.

Ga mai bibiyar siyasa, abu biyu ne tarihin wannan zaure ya bari. Na farko, dokar da ba a aiwatar da ita ado ce kawai. Ta Illinois ta jira daga 1885 har sai da 'yan sakandare suka kai jikinsu bakin ƙofa. Na biyu, duk lokacin da hukuma ta warware taƙaddama kan wani abin jama'a ta hanyar rufe shi, tana cewa don zaman lafiya ne, ya kamata a tambaya: wa ke da wani wurin zuwa, wa kuma ba shi da shi? A Kairo, masu hali sun kwashe kayansu sun tafi. Waɗanda suka rage, baƙaƙe da farare, su ne suka gaji titin da babu kowa a kansa.