Tsargiya, Tun Ba Ta Yi Nisa Ba

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Haka cuta ta ke. A ganinmu babu inda wannan magana ta fi dacewa kamar ƙasarmu ta Shanga da Yauri da Ngaski, inda rayuwar mutane ta dogara ga ruwa.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, Kwara ya kwanta ya zama tafki. Ruwa mai kwanciya kuwa shi ne gidan katantanwar da ke goyon tsutsar tsargiya, watau fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar nan a Alƙahira a 1851. Ga yadda ta ke yawo: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga katantanwa su girma, sa'an nan su fito su huda fatar mai wanka, ko masunci, ko mai wanki. Daga nan sai su zauna cikin jijiyoyin mafitsara shekara da shekaru suna zuba ƙwai.

Abin baƙin ciki, mutane da yawa ba su ɗauke ta cuta ba. Waɗansu har cewa su ke alamar balaga ce ga yaro. Wannan kuskure ne babba. Jinin nan rauni ne a cikin mafitsara. In aka ƙyale shi, yaro ya kan rame, jininsa ya ragu, karatu ya gagare shi. In shekaru suka yi nisa, hanyar fitsari ta kan toshe, ƙoda ta lalace, wani lokaci ma har daji ya kama mafitsara. Ga mata kuwa ta kan jawo rashin haihuwa.

Alhali gane ta ba wuya. A kai fitsarin tsakar rana asibiti, kamar na Yelwa, a duba da madubin likita, sai a ga ƙwan. Maganinta, praziquantel, ƙwayoyi ne da a ke sha a rana guda bisa nauyin mutum. Amma a lura, yana kashe tsutsa ne, ba ya mayar da ƙodar da ta riga ta lalace. Shi ya sa mu ke cewa a yi sauri.

Wani zai ce, ina amfani, tun da gobe yaron zai koma ruwa? Gaskiya ne, Basarke ba ya rabuwa da kogi. Amma wanda a ke dubawa a kai a kai, cutar ba ta samun sukunin yi masa ɓarna mai zurfi, kuma ba ya ƙara wa ruwan ƙwai.

To, 'yan'uwa, mu ne za mu riƙe makarantun garuruwan nan. Yaro yana jin kunyar gaya wa ubansa, amma in malami ya tambaye shi a keɓe, cikin hikima, zai faɗa. Mu tambaya, mu gaya wa iyaye, mu tura yara asibiti tun ranar da aka fara ganin jini. Allah ya ba mu ikon yi, amin.