Gayyar kwamfutoci da ruwan Dakoro

A 1994, Thomas Sterling da Donald Becker na hukumar NASA a Amurka suka tara kwamfutoci 16 irin na kan tebur, suka zuba musu Linux, suka sada su da waya, suka raɗa wa tarin suna Beowulf. Lissafin da a da sai gagarumar na'ura mai cin miliyoyin daloli, sai ga shi an yanyanka shi an rarraba wa ƙananan injuna. Gayya ce sak: kowa da kunyarsa, kuma ba a tashi sai mai nawa ya kai bakin gona.

Hasashen ruwan sama na cikin masu cin moriyar wannan dabara. Ana yanka taswira gida-gida, kowace kwamfuta ta riƙi yankinta tana lissafa iska da zafi da laima, tana miƙa wa maƙwabciyarta labarin kan iyaka ta hanyar tsarin MPI. Saboda haka jinjina ta dace da ma'aikatan cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, da takwarorinsu na ACMAD. Kowace shekara kafin damina masana na Sahel kan haɗu su tace sakamakon irin wannan lissafi, su faɗi ko ruwa zai sauka da wuri, ko za a yi dogon fari a tsakiyar damina. Aiki ne da ba a cika yi masa kirari ba. Sannunku da ƙoƙari.

Amma da sauran rina a kaba. Dakoro tana bakin iyakar noma da kiwo, iyakar da dokar 1961 ta shata, kuma a kwarin Tarka hadari kan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Lissafin cibiyar hasashen yanayi ta Turai, wanda duniya ke yabo, gidajensa sun kai kusan kilomita 9. Manomin da ke shawarar binne irin gero a busasshiyar ƙasa yana son abin da ya fi haka ƙanƙanta. Tsadar kuwa a nan take: in aka rage faɗin gida da rabi, aikin kan ninka wajen sau 8.

Wannan nauyi ya hau kan Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Tsofaffin kwamfutocin ofis ba za su yi hasashen jiha guda ba, kada a yaudari kowa, amma sun isa ɗalibi ya koyi raba aiki da gano inji mai nawa. Cibiyar CHPC ta Afirka ta Kudu ta taɓa karɓar sassan Ranger, babbar kwamfutar Texas da aka sallama, wasu sassan kuma suka tafi Botswana da Tanzaniya don koyarwa. Ya kamata Jami'ar Maraɗi ta nemi irin wannan, ta tanadi wutar sola da ɗaki mai sanyi da ƙurar hunturu ba ta shiga. A kuma ƙara ma'aunan ruwa daga Kornaka zuwa Bermo, domin da alƙalumansu ne za a gane ko lissafin ya faɗi gaskiya.