Waya ta cika tun ba mu zuba mata komai ba

Mu 'yan ajin ƙarshe mun kwana biyu muna gardama a kan wani abu da za a ga kamar ƙarami ne.

Ɗaya daga cikinmu ya tara kuɗin aikin da ya yi a lokacin hutu, ya shiga Suk Libya a nan Umdurman, ya sayo waya mai giga 16. Niyyarsa ya zuba karatun Shehu Nuren Muhammad Siddik, Allah ya ji ƙansa, don ya riƙa muraja'a. Yana kunna ta sai ya tarar babbar manhajar da 'yan rakiyarta sun riga sun cinye kusan rabin wurin: wasanni, manhajar labarai, ta kiɗa, kasuwar manhajoji har biyu. Ya danna zai goge, babu wurin gogewa. Iyaka dai ka tsayar da ita, ta ci gaba da zama a ciki kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Nan take wasunmu suka ce ai gara waya ta zo fayau kamar allon da aka wanke, kowa ya sauke abin da yake so. Maganar da daɗin ji, amma mai faɗinta ya manta garin da yake zaune. A ranar 3 ga Yuni 2019, a ƙarshen azumi, an yanke intanet ɗin waya, bai dawo ba sai 9 ga Yuli. A ranar 25 ga Oktoba 2021 aka sake yankewa, sama da mako uku. A waɗannan kwanaki, abin da ke cikin wayarka shi ke nan rabonka. Da a ce wayoyinmu fayau suka zo, da me za mu sauke?

To amma ku tuna, me ya amfane mu a lokacin? Rediyon FM da muka ji labarai da shi. Tocila, idan an ɗauke wuta. Abin naɗar murya, da muka riƙa naɗar darasin malam da shi. Sai Bluetooth, wanda ya sa littafi ɗaya ya zaga unguwa daga waya zuwa waya ba tare da ko sisi ba. Dukkansu ƙanana ne, ba sa cin wuri. Su kuwa waɗancan manya masu ƙyalƙyali, shabaka na ɗaukewa suka zama gawa, tunda dama aikinsu kawo talla ne.

Wani ya ce to a cika wayar da abubuwan alheri mana, a sa mata Mushafi tun daga kamfani. Wane Mushafin? Yawancin manhajojin Alƙur'ani da ruwayar Hafsu suke buɗewa. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa a hanyar Makka da Warshu suka zo. Khalwowin Sudan kuwa da yawa Duri suke karantawa. A gida ɗaya ma sai ka sami kaka da jika kowa da tasa ruwayar. In har a kan Littafin Allah mai ƙera waya ba zai iya zaɓar mana daidai ba, ina ga sauran abubuwa? Wallahi ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne, bai san mu ba.

Mun sani ba don Allah ake cusa waɗannan manhajoji ba. Masu su suna biyan masu ƙera waya, wannan kuma yana cikin abin da ke sa ƙananan wayoyi araha. Mu da ba mu da kuɗin babbar waya ba za mu raina araha ba. A sa su ɗin, mun yarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne kulle su. A fikihu mun karanta cewa idan ciniki ya ƙullu, kaya ya zama mallakar mai saye. Ta yaya mutum zai biya kuɗin giga 16, a riƙe masa wani sashe a ce ba shi da ikon taɓawa? Kuma ba abu ne da ya gagara ba: tun 2014 hukumomin Koriya ta Kudu suka fitar da ƙa'idar cewa a bar mai waya ya goge manhajojin da aka sa masa, in ban da 'yan kaɗan da waya ba ta aiki sai da su.

Ra'ayinmu ke nan: waya ta zo da ƙananan kayan aiki masu yi ba shabaka, da allon rubutun Larabci mai kyau, saura duk a bar mana maɓallin gogewa.

Iyayenmu da yayyenmu masu aiko da waya daga Saudiyya, don Allah kafin a biya kuɗi a sa mai shago ya kunna ta, a duba wurin da ya rage, ba lambar da ke jikin kwali ba. Shi dai ɗan'uwan namu sai da ya koma Suk Libya ya ƙara kuɗi ya sayo memori, sannan izu sittin ɗin suka shiga.