Tasha Ɗaya Ba Ta Isar Jiha

'Yan'uwana ɗalibai, a shekarar 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, irinta ta farko a Nijeriya. An yi jawabai, an ɗauki hotuna, an watse. To, sai me?

Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. Direban da ya ɗauko fasinja daga Illela ko Isa ko Tambuwal, in batirinsa ya ƙare a hanya, harabar jami'a zai turo motar? Wa zai sayi doki a garin da ba rijiya?

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗan kabu-kabu da mai Keke Napep ne ke ɗanɗana kuɗarsu, su da talakan da suke ɗauka. Su ya kamata a fara tunawa, ba masu hannu da shuni ba. Kada kuma a fake da ƙarancin wuta, domin ranar da ke gasa mu kullum ba ta aiko wa kowa takardar biyan kuɗi.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da ta kafa tashar caji mai aiki da rana a babbar tashar motar kowace ƙaramar hukuma, ta kuma danƙa gyaranta ga injiniyoyin da jami'o'inmu ke yayewa. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.